Bangaskiya ko Ayyuka: Muna Wa'azin Alheri, Muna Riƙe da Littafin Lissafi

Maganganu biyu ke yawo a bakin masu bi a Maradi, kuma dukansu suna damuna. Ta farko a wurin jana'iza ake jin ta. Mai magana zai miƙe ya ce Baba bai taɓa fashin sujada ba, zakkarsa ba ta taɓa makara ba, shi ya sayi kwanon rufin majami'a, saboda haka babu shakka yana wurin Ubangiji. Jama'a su amsa da amin.

Ta biyu a bakin matasa ta fi yawa, musamman in dattijo ya tsare ɗayansu kan bashin da ya ƙi biya ko yarinyar da ya yaudara. Sai ka ji ya ce: "Baba, ai ba ta ayyuka aka cece mu ba, muna ƙarƙashin alheri."

Na farkon ya mai da mulkin sama abin saye. Na biyun ya mai da alheri maɓoyar rashin gaskiya. Kuma sau da yawa a ikilisiya ɗaya suke, wa'azi ɗaya suke ji kowace Lahadi.

Ga inda na tsaya. Allah yana karɓar mai zunubi saboda abin da Yesu Almasihu ya yi a kan gicciye, mutum kuma yana karɓar wannan ta wurin bangaskiya, ba tare da ya ƙara ko dala ɗaya daga aljihunsa ba. Amma bangaskiyar da ta kama Almasihu da gaske ba ta zama haka nan, sai ta haifi aiki. Wannan ba sabuwar magana ba ce, duk wanda ya zauna a makarantar Littafi Mai Tsarki ya haddace ta. Damuwata ita ce muna faɗin ta a kan mumbari, sannan mu tafiyar da ikilisiya da littafin lissafi. Ayyukan da muke lissafawa kuma ba su ne Littafi Mai Tsarki ya fi nanatawa ba.

Abin da ya sa Bulus ya nace

A Romawa 4:4-5 Bulus ya raba abu biyu da ba sa haɗuwa. Wanda ya yi aiki, abin da aka ba shi haƙƙinsa ne, ba kyauta ba. Wanda kuwa bai dogara ga aikinsa ba, ya gaskata da Allah mai baratar da marar ibada, ana lasafta masa bangaskiyarsa adalci. Baratarwa a nan hukuncin alƙali ce: Allah ya ce wannan mutum ba a binsa laifi, na karɓe shi.

Hujjarsa ta kwanan wata ce, kowa na iya bin ta da yatsa. A Farawa 15:6 aka ce Ibrahim ya gaskata, Allah ya lasafta masa adalci. A ƙarshen sura ta 16 yana da shekara 86 aka haifi Isma'ilu. A sura ta 17 yana da shekara 99 aka yi masa kaciya. Ke nan an karɓe shi fiye da shekara 13 kafin kaciya, shari'ar Musa kuwa ba ta zo ba sai bayan ɗaruruwan shekaru. Abin da ya zo daga baya ba zai zama dalilin abin da ya riga shi ba.

A Galatiyawa 2:21 ya fi zafafawa: in ta wurin shari'a ake samun adalci, ashe Almasihu ya mutu a banza. Nan ne gaɓar. Duk lokacin da muka ce wane ya shiga sama don ya rufa majami'a, ba Baba kaɗai muke yabo ba, muna rage darajar gicciye ne, ko da ba mu yi niyya ba.

Ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu a Luka 23 bai yi baftisma ba, bai ba da baiko ba, hannuwansa ma a kafe suke. Ya amsa laifinsa, ya roƙa a tuna da shi, aka ce masa yau za ka kasance tare da ni a Firdausi. A Matiyu 20 mai gonar inabi ya ɗauki ma'aikata da sassafe, da ƙarfe 9, da tsakar rana, da ƙarfe 3, har da ƙarfe 5 na yamma, ya biya kowa dinari ɗaya. Waɗanda suka sha rana suka yi gunaguni, kuma in za mu faɗi gaskiya, a lissafin kasuwa suna da hujja. An ba da misalin ne don a nuna cewa mulkin Allah ba da lissafin kasuwa yake tafiya ba.

"To, Yakubu fa?"

Wannan ita ce tambaya mafi nauyi, kuma ba a kyauta wa mai yin ta in aka share ta da hannu. Yakubu 2:24 ya faɗa ɓaro-ɓaro cewa ta ayyuka ake baratar da mutum, ba ta bangaskiya kaɗai ba. Romawa 3:28 ta ce ana baratar da mutum ta bangaskiya ba tare da ayyukan shari'a ba. Martin Luta kansa, malamin Jamus da ya jagoranci rabuwa da Cocin Katolika, ya sha wahala da wannan wasiƙa ta Yakubu, har a gabatarwar da ya yi wa Sabon Alkawari a 1522 ya kwatanta ta da tattaka in an gwada ta da wasiƙun Bulus. A nan bai yi daidai ba.

Hanyar warwarewa ita ce a duba da wa kowannensu yake magana. Bulus yana fama da mutanen da suka ce wa al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, sai kun yi kaciya kun bi shari'ar Musa za ku sami ceto, rigimar da ta kai ga taron Urushalima a Ayyukan Manzanni 15. Yakubu kansa yana wurin taron, kuma shi ya yanke cewa kada a ɗora wa al'ummai wannan kaya. Tambayar Bulus ita ce: da me mai zunubi zai tsaya a gaban Allah?

Yakubu kuwa yana fama da mutumin da ya ce yana da bangaskiya. A lura da aya ta 14: in wani ya ce. Magana ce ta baki. Sai ya nuna irin wannan bangaskiya a fili. Ɗan'uwa ya zo ba sutura ba abinci, ka ce masa ya sauka lafiya, ya ji ɗumi, ya ƙoshi, ba ka ba shi kome ba. Ka gaskata Allah ɗaya ne, to, madalla, aljanu ma sun gaskata har suna rawar jiki. Tambayar Yakubu ita ce: yaya za a gane bangaskiya mai rai daga gawa?

Yakubu ma labarin Ibrahim ya ɗauko, amma daga wani wuri dabam. Bulus ya tsaya a Farawa 15, ranar da ya gaskata. Yakubu ya tafi Farawa 22, ranar da ya miƙa Ishaku. Ibrahim yana da shekara 100 aka haifi Ishaku, kuma a sura ta 22 yaron ya girma har yana ɗaukar itacen hadaya, ke nan tsakanin surorin biyu akwai shekaru masu yawa. Yakubu 2:23 ta ce a ranar ne Nassin nan na Farawa 15 ya cika. Abin da Allah ya lasafta tun farko, ranar nan ya fito fili kowa ya gani.

Bulus ma bai taɓa cewa bangaskiya za ta zauna hannu rabbana ba. Galatiyawa 5:6 ta ce abin da ke da amfani shi ne bangaskiya mai aiki ta wurin ƙauna. Afisawa 2:8-9, ayoyin da ƴan makarantar Lahadi ke rerawa, suna da ta 10 a bayansu, wadda ba kasafai ake haddace ta ba: mu aikin hannun Allah ne, an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin kyawawan ayyukan da ya shirya tun da wuri mu yi tafiya a cikinsu. Saurayin da ya tsaya a aya ta 9 ya yanke maganar Bulus ne a tsakiya.

Sai Matiyu 25:31-46, inda aka raba tumaki da awaki kan abu shida: mai yunwa, mai ƙishi, baƙo, marar sutura, marar lafiya, ɗan kurkuku. Masu cewa ceto na ayyuka ne suna son wannan wuri. Amma a duba abu biyu. An ce musu su gaji mulkin da aka shirya musu tun kafa duniya, gado kuwa ba albashi ba ne. Sannan su kansu mamaki suka yi, suna tambaya yaushe muka gan ka da yunwa. Mai tara lada ba ya mantuwa da abin da ya yi, yana da lissafinsa. Waɗannan sun yi ne kawai don halinsu ya zama haka. Ayyukan shaida ne a gaban shari'a, kuma shaida ce da za a nema da gaske. Wanda ba shi da ko ɗaya daga ciki, ya ji tsoro.

"In ka ce kyauta ne, mutane za su saki jiki"

Tun zamanin Bulus ake wannan ƙorafi. Shi da kansa ya kawo shi a Romawa 6:1, ya amsa da cewa faufau, wanda ya mutu ga zunubi yaya zai ci gaba da zama a cikinsa.

Manoman Maradi suna da abin da zai taimaka a nan, wato sassabin zamani. A farkon shekarun 1980 Tony Rinaudo, wani ɗan Ostireliya da ke aikin gona da mishan ta SIM a yankinmu, ya lura cewa ƴan tsirran da ake sassabewa kowace bazara toho ne na itatuwan da saiwarsu ke raye a ƙasa. Aikin manomi shi ne ya zaɓi kututturen sabara ko kalgo, ya bar rassa masu ƙarfi kamar uku zuwa biyar, ya cire sauran, ya aske na gefe har wajen rabin tsawo, yana sara daga ƙasa zuwa sama da abu mai kaifi don kada ɓawon ya yage, sannan ya tsare shi daga awaki da masu neman itacen girki.

Aiki ne sosai, kuma in ba a yi shi ba tsiron zai zauna a tsugune shekara da shekaru. Amma askin ba shi ke sa rai ba. Kututturen da saiwarsa ta mutu, ko kullum ka aske shi ba zai toho ba. Wanda ke raye kuwa, ko ka sare shi sai ya sake fitowa. Rai daga ƙasa yake zuwa, aikin manomi yana biyo baya. Filibiyawa 2:12-13 ta jera su haka: ku yi ta aikata cetonku da tsoro da rawar jiki, gama Allah ne ke aiki a cikinku, shi ke ba ku niyyar da ikon yi.

Akwai kuma abin da ya faru a lokacin yunwar 1984. An haɗa barin itatuwa a gona da rabon abinci. Da rabon ya ƙare, aka sare kaso mai yawa na itatuwan. Waɗanda suka riƙe nasu su ne waɗanda suka ga amfaninsu da idonsu, kuma daga gonakinsu abin ya bazu. Haka aikin da aka yi don biya yake, ranar da mai yin sa ya ga kamar biyan ya tsaya, ranar zai ajiye. Shi ya sa mutumin da aka koya wa cewa zakka ce ke tsare shi daga ciwo, in ɗansa ya kwanta asibiti, da Allah yake fara rigima.

Ga mai son hujja daga tarihi: mutanen da suka kafa tashar mishan a Tsibiri a shekarun 1920, suka buɗe asibitin Galmi a 1950 da na kutare a Danja a 1956, masu wa'azin ceto ta bangaskiya kaɗai ne. Koyarwar ba ta hana su wanke gyambo ba.

Mu da ƴan'uwanmu Katolika

A nan ma muna yawan faɗin abin da ba haka ba. Za ka ji ana cewa Katolika sun yarda mutum na ceton kansa da ayyukansa. Ba su koyar da haka. Wanda ya koyar da abu mai kama da wannan shi ne Pelajiyus, kuma wanda ya tsaya masa shi ne Agustin, bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, maƙwabciyarmu ta arewa. Taron Kartaj na shekarar 418 ya yi watsi da koyarwar Pelajiyus. Wannan gado ne na ɓangarorin biyu.

Abin da ya tayar da Luta a 1517 shi ne cinikin takardun sassaucin horon zunubi, wanda ake tara kuɗinsa har da don ginin majami'ar Bitrus a Roma. Cocin Katolika da kanta ta hana haɗa wannan da kuɗi a 1567. Babban taron shugabannin Katolika na Trento kuma, a hukuncinsa na 1547, ya ce babu abin da ya riga baratarwa, bangaskiya ko ayyuka, da ya cancanci alherin baratarwa.

Bambancin da ya rage na gaske ne. A wurin Katolika baratarwa ta haɗa da sabuntawar mutum daga ciki, tana ƙaruwa ta wurin kyawawan ayyukan da aka yi cikin alheri, babban zunubi na iya raba mutum da ita, ya dawo ta wurin furta zunubi a gaban fada, wato limamin cocinsu. A wurin ƴan bishara, wato masu bin tafarkin Luta a wannan magana, baratarwa hukunci ne cikakke bisa adalcin Almasihu, tsarkakewa kuma tafiya ce ta tsawon rai da ke biye da ita, ba a raba su, ba a kuma cakuɗa su. A ranar 31 ga Oktoba 1999, a Augsburg ta Jamus, Katolika da Tarayyar Luteran ta Duniya sun sa hannu a kan sanarwar da ta ce ta wurin alheri kaɗai, cikin bangaskiya ga aikin Almasihu, ba don cancantarmu ba, Allah ke karɓar mu ya ba mu Ruhu Mai Tsarki mai kiran mu ga kyawawan ayyuka. Metodis sun shiga a 2006. Ba kowa ya yarda cewa rigimar ta ƙare ba, ni ma ban ce ta ƙare ba.

Ina tare da ƴan bishara a wannan gaɓa saboda mai lamiri mai rauni. In karɓuwata a wurin Allah tana hawa tana sauka gwargwadon ci gabana, ba ni da ranar hutawa. Amma wannan bai ba mu izinin yi wa Katolika, mutanen da ke da diyosis, wato yankin bishop, a garin nan tun 2001, ƙazafi ba, alhali cinikin da Luta ya yaƙa yau a wasu majami'unmu ya fi yawa.

Maganar lada

Yawancinmu muna da kawu ko gwaggo ko maƙwabci Musulmi, kuma da harshe ɗaya muke gaisawa: Allah ya ba da lada. Wasu masu wa'azi, don su nuna bambanci, sukan ce su Musulmi da aiki kawai suke neman Aljanna. Wannan ma rashin adalci ne. A cikin Bukhari da Muslim akwai hadisin da ya ce babu wanda aikinsa zai shigar da shi Aljanna sai da rahamar Allah. In za a yi magana da maƙwabci, a fara da sanin abin da ya gaskata. Inda muka rabu shi ne mu mun ce rahamar nan ta bayyana a gicciye, an biya bashin a can, saboda haka mai bi yana iya sanin matsayinsa tun yanzu.

Littafi Mai Tsarki kuma bai soke lada ba. Matiyu 10:42 ta ce ko ƙoƙon ruwan sanyi ba zai rasa ladansa ba. A 1 Korantiyawa 3:11-15 harsashi ɗaya ne, Almasihu, amma wani ya yi gini da zinariya, wani da ciyawa. Wuta za ta gwada, wanda aikinsa ya ƙone zai yi hasara, shi kansa kuwa zai tsira kamar wanda aka fizgo daga gobara. Lada gaskiya ne, ceto dabam. Kuskuren mai magana a jana'iza shi ne ya ɗauki abin da ke na lada ya mai da shi kuɗin shiga.

Ayyukan da muke ƙirgawa

Nan ne na fi jin ciwo. A tambayi ɗan ikilisiya wane ne Kirista na kirki, jerin da zai bayar sananne ne: ba ya shan giya, ba ya shan taba, yana zuwa sujada da addu'ar tsakiyar mako, katin zakkarsa cike yake, matarsa tana zumuntar mata da anko. Ba abin ƙi a ciki. Amma duk abubuwa ne da sakatare zai iya rubutawa.

A buɗe Yakubu a ga nasa jerin. A 1:27, kula da marayu da gwauraye. A 2:1-4, kada a ba mai zoben zinariya kujerar gaba a ce wa matalauci ya zauna a ƙasa. A sura ta 3, harshe. A 5:4, kuɗin ma'aikatan da suka girbe gonakinku, da kuka danne, yana kuka, kukan kuma ya kai kunnen Ubangiji. Maimaitawar Shari'a 24:14-15 ta ce a biya ɗan ƙwadago a ranar, kafin rana ta faɗi, don da shi ya dogara. Sura ta 25:13-15 ta hana ajiye ma'auni iri biyu, babba da ƙarami.

To a kawo su gida. Mai bi da ke da tiya biyu, mai zurfi ta saye a ƙauye da wadda aka bubbuge gindinta ta sayarwa a gari. Wanda ya ɗauki ƴan barema suka yini suna noma, da yamma ya ce su dawo ran kasuwa, ran kasuwa ya ce sai wani mako. Wanda ya ba ɗan'uwa rancen hatsi a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya ƙare, da sharaɗin ninki biyu da kaka. Wadda ta ɗauko ƴar aiki daga ƙauye, shekara ta zagayo ba makaranta ba albashi. Waɗannan duka suna iya cika katin zakka, kuma ba wanda zai kira su gaban dattawa. Yesu ya riga ya faɗi wannan a Matiyu 23:23: kuna fitar da zakkar ƴan ganyayen miya, kun bar manyan al'amura, wato gaskiya da jinƙai da aminci. Bai ce a bar zakkar ba, ya ce a yi waɗannan ba tare da an bar waccan ba.

Sai shelar sunaye a ranar godiya ko ranar tara kuɗin gini: wane jika hamsin, a tafa, wane buhu biyu, a yi guɗa. Gwauruwar da ta kawo tiya ɗaya ta koma gida ta san matsayinta. Minti talatin na wa'azin alheri ba ya goge abin da awa guda ta shela ta koyar. Matiyu 6:3 ta ce kada hagu ta san abin da dama ke yi. Ana iya karanta jimilla, mutum biyu ko uku su ƙirga su sa hannu, a manna rahoto kowa ya gani, ba sai an kira suna ba.

Mafi muni shi ne wa'azin shuka iri da ya cika wayoyinmu: ka ba da kaza, Allah zai buɗe maka kaza. A Ayyukan Manzanni 8:18-20 Saminu ya miƙa kuɗi don ya sami baiwar Allah, Bitrus ya ce masa kuɗinka su hallaka tare da kai. Ban ga abin da ya raba wancan da wannan ba.

Horon ikilisiya ma yana bukatar a sake duba shi. Horo na cikin Littafi, Matiyu 18:15-17 ta ba da matakansa: kai da shi, sannan da shaida ɗaya ko biyu, sannan ikilisiya. Amma a wurare da yawa ya zama wa'adi, wata uku ko shida a bencin baya ba cin Jibin Ubangiji, in lokacin ya cika a dawo da mutum ko ya tuba ko bai tuba ba. Abin da jama'a ke koya daga nan shi ne zunubi yana da farashi, ka biya ka wuce. Kuma kusan kullum a kan yarinyar da cikinta ya fito yake sauka, don nata laifin ne ido ke gani. Galatiyawa 6:1 ta ce a komo da wanda ya faɗi cikin tawali'u, 2 Korantiyawa 2:7 ta ce a yafe masa a ƙarfafa shi kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Ma'aunin dawowa tuba ne da gyara abin da aka ɓata, ba kalanda ba.

A ajin baftisma

Gyaran daga nan zai fara. Tambayar "ka karɓi Yesu?" ba ta gano kome, kowa zai ce i. A tambayi mai neman baftisma: don me Allah zai karɓe ka? A saurari kalmar farko. In ya fara da "na daina" ko "ina ƙoƙari", bai gane ba tukuna, a koma da shi Luka 18:9-14, inda Bafarisiye ya jera azuminsa sau biyu a mako da zakkarsa, mai karɓar haraji kuwa ya bugi ƙirji ya nemi jinƙai, kuma shi ne ya koma gida baratacce. Kada a kore shi, kada kuma a gaggauta.

A sake tambayarsa: in ka faɗi cikin zunubi bayan baftisma, me za ka yi? Mai cewa "shi ke nan na lalace" da mai cewa "ba kome, akwai alheri" duk suna bukatar 1 Yahaya 1:8 zuwa 2:2.

Tsarin koyarwa ma yana da tasiri. Wasiƙar Afisawa sura shida ce. Uku na farko kusan babu umarni a cikinsu, labarin abin da Allah ya yi ne. Umarnai sun taru daga sura ta 4. A Romawa ma umarnai sun taru ne daga 12:1, inda ta ce "saboda haka". Malamin da ya fara ajinsa da jerin haram, ya bar gicciye sai makon ƙarshe, ya juya wasiƙar a kife, kuma ɗalibansa za su fita da tunanin cewa sun ci jarrabawa ne.

Tambaya ta ƙarshe ita ce wadda ba a cika yi ba: haƙƙin wa ke hannunka? Shugaban masu karɓar haraji na Yariko a Luka 19, Yesu ne ya fara shiga gidansa tun bai gyara kome ba. Bayan nan ne ya miƙe ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda ya cuta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Wannan tambaya ba ta sababbin tuba kaɗai ba ce. Matiyu 5:23-24 ta ce in ka kawo baiko ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka ajiye baikon ka je ku shirya tukuna. A makon da za a ci Jibin Ubangiji, musamman a lokacin noma da lokacin kaka, dattawa su yi wa jama'a wannan tambaya a fili, su fara da kansu. Wanda ke riƙe da kuɗin ɗan barema ya kai masa kafin Lahadi. In kunya ta hana shi zuwa shi kaɗai, dattijo ɗaya ya raka shi.